Shin Itatuwa Suna Shan Ruwa da Dare?

Duk wanda ya ratsa ƙasar Gaya da Ajingi, ya biya ta Toranke, zai lura cewa yawancin ƙasar wurin jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe ruwa. Damina takan sauka ne wajen watan Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Sauran watannin kuwa, itace sai dai ya rayu da ɗan danshin da ya rage a ƙasa. Tun bayan farin 1973 da na 1984 aka ƙarfafa dashen itatuwa a Jihar Kano don tare iska da hana kwararowar hamada, musamman turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, da darbejiya da aka kawo daga Indiya. Manoma dai sun daɗe suna zargin turare da shanye ruwan gona. Domin a auna wannan zargi, wajibi ne a san ruwan da itace ke amfani da shi, har da na dare.

Yadda ruwa ke hawa

A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira sitomata. Da rana sukan buɗe don shigar da iskar da ganye ke haɗa abinci da ita, ruwa kuma ya riƙa fita ta cikinsu a matsayin tururi. Fitar nan ce ke jawo wani ruwan daga saiwa zuwa ƙoli. An daɗe ana koyar da cewa ƙofofin sukan rufe ruf idan rana ta faɗi. Amma tun a 1727 wani masani ɗan Ingila, Stephen Hales, ya auna nauyin tsiro a tukunya, ya ga yana raguwa a daren da iska take a bushe, ba ya raguwa a daren da raɓa ta sauka.

A 1985 André Granier na Faransa ya ƙirƙiro wata na'ura mai allura biyu da ake sokawa a gangar itace, ana ɗumama ta sama. Idan ruwa na hawa sai ya sanyaya ta, daga nan a lissafa yawansa. Irin waɗannan na'urori sun nuna cewa a yawancin tsirrai, fitar ruwa da dare takan kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na ta rana.

Rawar da danshin ƙasa ke takawa

Ruwan da ke hawa da dare kashi biyu ne. Wani yana cike gurbin wanda ganga da rassa suka rasa da rana, kamar yadda ake cika randa kafin gari ya waye. Wani kuwa ficewa yake yi ta ganye. Danshin ƙasa ne ke rinjayar wanda zai fi yawa.

Idan ƙasa na da danshi, iska kuma ta bushe, kamar a farkon hunturu, ƙofofin ganye ba sa rufewa sosai, sai asarar dare ta ƙaru. A tsakiyar damina kuwa, ko da ƙasa ta jiƙe, iskar dare cike take da laima, don haka ba ta ɗaukar ruwa mai yawa. Idan bazara ta yi, ƙasa ta bushe ƙayau, itacen kan samar da wani sinadari da ke tsuke ƙofofin. A lokacin, ɗan abin da ya samu da dare yakan tafi ne wajen cika ganga. Sai dai itacen da saiwarsa ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, kamar turaren da aka dasa a bakin fadama, ba ya jin wannan takura.

Akwai kuma wani abin mamaki. A 1987 Richards da Caldwell sun nuna a jihar Utah ta Amurka cewa da dare saiwa mai zurfi kan ɗebo ruwa daga ƙasa, ta sake shi a busasshiyar ƙasar sama, inda ƙananan tsirrai za su iya amfana.

Darasi ga manomi da ɗalibi

Wannan ilimi ya nuna cewa wurin da aka dasa itace yana da muhimmanci kamar irinsa. Turare ya fi dacewa da tudu, nesa da rijiya da fadama. A shingen itatuwa na Yambawa, kusa da Dambatta, bincike ya nuna cewa haƙa rami don datse saiwar turaren da ke shiga gona yana ƙara amfanin gero. Gawo kuwa, da yake kakkaɓe ganyensa yake yi da damina, ba ya takara da shuka, shi ya sa manoma ke barin sa a tsakiyar gona.

Malami zai iya gwada wannan a makaranta. A samo dashe biyu masu girma ɗaya a tukwane, a shayar da ɗaya sosai, a bar ɗayan kwanaki ba ruwa. A rufe bakin kowace tukunya da leda don kada ƙasar ta fitar da tururi. A auna nauyinsu a kan sikeli mai kyau da magariba, a sake aunawa da asuba. Bambancin nauyin shi ne ruwan da ganye ya fitar yayin da gari ke barci. Idan aka yi gwajin a Agusta, aka maimaita shi a Disamba, ɗalibai za su ga bambancin da idanunsu.