Gudun Asuba a Hunturu: Rigar Leda Ba Ta Narkar da Kitse

Da zarar hunturu ya kankama a Zariya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, titin da ya taso daga Ƙofar Doka ya ratsa Babban Dodo ya nufi fada ba ya rabuwa da masu sassarfa bayan an idar da sallar asuba. Akwai samarin da ke shirin neman aikin soja, akwai 'yan ƙwallon unguwa, akwai magidantan da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga. Wannan abin a yaba ne. Abin takaicin shi ne shigar da wasunsu ke yi: singileti, suwaita biyu, sannan a ɗora rigar ruwa irin ta masu babur, a ja zif har wuya. Wani ma babbar leda yake hudawa ya zura kai, ya ɗaure ƙugu tamau, ya rufe da riga. Mata kuma ana ta tallata musu ɗamarar roba ta ciki a Facebook da WhatsApp, wai mai narkar da teɓa.

In an tambaye su dalili, amsar ɗaya ce: "Ai sai an yi gumi kitse ke narkewa, kuma a wannan sanyin in ba a rufe jiki ba gumi ba ya zuwa."

Maganar nan rabi biyu ce, kuma duka rabin ba daidai ba ne.

A fara da cewa gumi ba ya zuwa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ɗebo ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma busasshiya ce ƙamas. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi a Zariya kan sauko wajen digiri 13 ko 14 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka, sannan ya haura kusan 30 da azahar. A irin wannan iska mai gudu yana gumi sosai, sai dai gumin na bushewa tun bai kai ga gangarowa ba. Mutum ya shafa goshi ya ji shi a bushe, sai ya ɗauka bai yi komai ba. Alhali a daidai lokacin ne gumin ke yin aikin da aka halicce shi dominsa.

Aikin gumi sanyaya jiki ne, ba wani abu ba. Tsokar mutum in tana aiki, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ƙarfin da ta ƙona ne kawai ke zama motsi, ragowar duk zafi ne. Jikin da ya saba zama a digiri 37 dole ya fitar da wannan zafin, kuma babbar hanyarsa ita ce ya jiƙa fata, iska ta busar, zafin ya bi tururin ya tafi. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan hikimar: randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busarwa, ruwan ciki na yin sanyi. A naɗe randar da leda, tsattsafowar ba za ta tsaya ba, amma sanyin ya ƙare. Haka mai rigar leda yake. Gumi na kwarara cikin rigar har takalmi, ba ya bushewa, zafi na taruwa, jiki na ƙara sako ruwa don ya ceci kansa, shi kuwa gogan yana murna wai kitse na zuba.

Sai rabi na biyu, wanda shi ne ainihin ruɗin. Abin da ke cikin gumi kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, ragowar gishiri da 'yan sinadarai kaɗan. Babu kitse a ciki. Kitse ba ya narkewa ya fito ta ƙofofin gashi. Jiki ne ke ƙona shi a ciki. A shekarar 2014 wasu masana biyu a Ostiraliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, sun wallafa lissafin inda kitsen ke tafiya a mujallar likitoci ta BMJ: in mutum ya ƙona kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita, cikin iskar da ake fesarwa a numfashi, kilo 1.6 ne kawai ke zama ruwa. Wato hancin mai gudu ya fi rigarsa sanin inda tumbin ya tafi.

To me ya sa sikeli ke nuna an ragu? Saboda lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce. Mutum ya hau sikeli kafin ya fita, ya dawo ya ga ya sauke kilo guda, sai ya ce ga shaida. Ya sha ruwan leda biyu ya sake hawa, zai tarar da kilonsa na nan yana jiransa. Lissafin gaskiya ya fi haka ɗaci. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mai nauyin kilo 70 da ya yi gudun kilomita 5 yana ƙona kusan kalori 350, wanda ko da a ce duk daga kitse ya fito, bai kai giram 50 ba. Kafin ya ƙona kilo guda sai ya tara gudun kilomita sama da 100, tafiyar da ta zarce nisan Zariya zuwa Kaduna. Abin da ke rage ƙiba shi ne yawan kilomitocin da aka tara cikin watanni, da abin da aka rage a kwanon tuwo da kofin shayi. Rigar leda kuwa kilomitocin take ragewa, domin wanda zafi ya turnuƙe, ruwan jikinsa ya ragu, da wuri yake galabaita. Masana motsa jiki sun daɗe da gano cewa in mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa na fara raguwa. Wanda zai iya zagayawa daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan da riga mara nauyi, da leda a rabin hanya zai tsaya yana haki.

Da a ce asarar a nan ta tsaya, da sai a ce kowa da kuɗinsa da wahalarsa. Amma abin yana kisa. Tsakanin 7 ga Nuwamba da 9 ga Disamba na 1997, a farkon sanyin Amurka, ɗalibai uku 'yan kokawa na jami'o'i daban-daban, a jihohin North Carolina da Wisconsin da Michigan, suka mutu suna ƙoƙarin rage nauyi kafin gasa. Shekarunsu 19 da 22 da 21, ƙarti ne masu cikakkiyar lafiya. Dukkansu sun ƙaurace wa ruwa, sun sa rigunan da iska ba ta ratsawa, suna motsa jiki a ɗakuna masu zafi. Ɗaya daga cikinsu zafin jikinsa ya kai digiri 42. A farkon 1998 hukumar wasannin jami'o'in ƙasar ta haramta amfani da irin waɗannan riguna. Abin da aka haramta wa 'yan wasa masu koci da likita a gefensu, shi ne yau magidanci mai shekara 50 da hawan jini yake sawa ya fita shi kaɗai cikin duhu. Ina dabara a nan?

Kuma akwai abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a nan. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila a jininsa, da yawa ba su ma sani ba. Ƙarancin ruwa a jiki da zafi mai tsanani da gudun wuce kima suna cikin abubuwan da ke iya kayar da irin wannan mutum farat ɗaya. Ƙoda ma tana jin jiki, domin ita ce ke tace jinin da ya yi kauri. Ga watan azumi da ke ta matsowa cikin hunturu shekara bayan shekara. Mai azumin da ya matse ruwan jikinsa da hantsi ba shi da hanyar mayarwa sai magariba.

Su ma masu fita da gajeren wando da singileti kawai, wai su jarumai, ba su tsira ba. A ranar 22 ga Mayu 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, iska mai ƙarfi da ruwa da ƙanƙara suka rutsa da masu gasar gudun kilomita 100 a kan tsauni, yawancinsu da 'yan riguna marasa kauri, mutum 21 suka mutu saboda sanyi. Sanyin Zariya bai kai nan ba, amma jiƙaƙƙen jiki cikin iska ko'ina haka yake: ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga fata wajen sau 25.

Dabarar da ta dace ba baƙuwa ba ce a birnin da aka san shi da ɗinkin babbar riga. Dattijon Zazzau in zai fita masallaci da sanyin asuba yakan sa 'yar shara, ya ɗora kaftani, ya rufe da babbar riga. Iskar da ke maƙale tsakanin rigunan ce ke riƙe ɗumi, kuma in rana ta ɗaga sai ya naɗe hannun rigar a kafaɗa ko ya cire ta. Riguna biyu ko uku marasa nauyi, waɗanda za a iya ragewa ɗaya bayan ɗaya, sun fi jibgegiyar riga guda.

Ta farko, wadda ke taɓa fata, ita ce mafi muhimmanci, kuma nan ne aka fi kuskure. Kada ta zama ta auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta manne a baya, da an tsaya ta koma kamar an watsa wa mutum ruwa. Jesin 'yan ƙwallo, wadda ake samu da araha wajen 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, ita ce daidai, domin tana miƙa gumin waje ya bushe. Ta biyu riga ce mai dogon hannu, mara kauri, wadda ba ta matse jiki ba. A yawancin asubahin Zariya waɗannan biyun sun wadatar. Ta uku sai ranar da jaura ke kaɗawa da gaske: 'yar jaket mara nauyi mai zif a gaba, wadda za a iya zugewa in jiki ya ɗau zafi, a cire a ɗaura a ƙugu. Kafin a saya a juya cikinta a duba. In an shafe shi da roba, ta mai babur ce a damina, a bar masa abarsa. Wando guda ɗaya dogo ya isa, ƙafafu su ne ke aiki, su ne kuma suka fi saurin ɗumi. Mace ta zaɓi hijabi gajere mara nauyi da doguwar riga mai yalwa a kan jesin, ta ajiye ɗamarar roba, wadda ban da gumi da ƙuraje babu abin da take haifarwa.

Akwai ƙa'idar da masu gudu a ƙasashen sanyi suke bi: a yi shiga kamar ma'aunin zafi ya fi yadda yake da digiri 10. In gari na 13, a sa kayan da za a iya yawo da su a 23. Ma'ana, in mutum ya fito ƙofar gida ya ji ɗumi daram, kayan sun yi yawa. Ya kamata ya ɗan ji ɗari a minti goman farko. Daga nan jiki zai kunna nasa murhun.

Inda sanyi ya fi cizo su ne yatsu da kunnuwa, don jiki na rage jinin da ke zuwa can ya tattara shi ciki. Safar hannu mara kauri da hular sanyi mai rufe kunne sun fi ƙarin suwaita amfani, ga sauƙin cusawa a aljihu. Leɓe da diddige da cinyoyi a shafa musu man kaɗanya ko basilin kafin a fita, saboda faso da gogayya. Takunkumin yadi ko ƙyalle mara kauri a hanci yana ɗumama iskar da ake shaƙa, yana tare wani abu na ƙurar, kuma mai asma kada ya fita ba tare da maganin shaƙarsa a aljihu ba. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ƙarshen layi, gudun ya haƙura. A yi tsallen igiya a tsakar gida ko zaure. Sannan a guji baƙaƙen kaya. Titunan cikin birni matsattsu ne, direban da ya fito da asuba cikin hazo ba ya ganin mai baƙar riga sai ya zo dab da shi.

Ruwa kuma a sha tun ba a ji ƙishi ba, domin sanyi na danne ƙishirwa. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja-ja ya ragu, jiki na bin bashin ruwa.

Haɗarin ƙarshe yana zuwa bayan an gama. An saba ganin masu gudu sun zarce teburin mai shayi da jiƙaƙƙiyar riga, ana musun ƙwallo iska na dukansu. A tafi da busasshiyar riga a 'yar jaka, ko a wuce gida kai tsaye a sauya. Kada kuma a matsa kusa da wutar jin ɗumi da jesi ko leda a jiki, irin wannan yadi ba ya ci kamar auduga, narkewa yake ya manne a fata.

In kuwa aka ga mai gudu ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya yanke jiki ya faɗi cikin irin wannan shiga, kada sanyin gari ya ruɗi jama'a su lulluɓe shi da bargo. A taɓa jikinsa. In ya yi zafi rau, a yage ledar, a tuɓe rigunan, a kwarara masa ruwa a kai da wuya da hammata, ana yi masa fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa. A ci gaba da jiƙa shi a cikin mota har a isa asibiti mafi kusa.