Kalmar "jijiya" da ma'anoninta huɗu a jikin ɗan Adam

A makarantun koyon aikin jinya na Yamai da Damagaram da Faransanci ake karantar da ilimin sassan jiki. Amma in ɗalibi ya kama aiki a Maraɗi ko Tawa, da Hausa zai yi magana da majiyyata. Nan ne yakan tarar cewa abubuwa huɗu da ya koya da sunaye dabam-dabam, wato artère, veine, nerf da tendon, duk jijiya Bahaushe yake ce musu. Sunan siffa ya bi, domin dukansu kamar igiya suke a cikin nama. Aikinsu kuwa ya sha bamban.

Biyu na farko hanyoyin jini ne. Zuciya tsoka ce mai ɗakuna 4, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in baligi yana hutawa, tana tura jinin da ya kai kimanin lita 5. Jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya tana da kauri da ƙarfi, ita ake jin bugunta a wuyan hannu. In ta yanke, jini yakan yi tsartuwa daidai da bugun zuciya. Wadda ke maido da jini ba ta kai ta kauri ba, kuma a hannu da ƙafa tana da ƴan ƙofofi masu hana jini komawa baya. Ita ake gani a bayan hannu, daga cikinta ake ɗibar jini, ta nan kuma ake ƙarin ruwa. Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke ratsa huhu, sa'an nan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen gaba ɗaya a 1628.

Ta uku ba hanyar jini ba ce, saƙo take ɗauka. Akwai irinta 12 a kowane gefe da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, da 31 a kowane gefe da ke fitowa daga lakar da ke cikin ƙashin baya. Waɗansu zarurrukanta suna kai labarin zafi, sanyi da taɓi, waɗansu suna kawo wa tsoka umarnin motsi. Ta huɗu aikinta ɗaure tsoka da ƙashi. Hausa tana da sunan babbarta ta bayan diddige, wato agara.

Haɗarin rikita su a wajen allura yake bayyana. Jijiyar saƙo mafi girma a jiki tana tasowa daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, rassanta su kai tafin ƙafa. Allurar da aka soka a inda bai dace ba, musamman ta kinin, tana iya lalata ta, ƙafar yaro ta shanye. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya kasa ɗuwawu kashi huɗu, ya soka a kashin sama na waje. Jariri kuwa a gefen cinya ake yi masa. To, in uwa ta ce allura ta taɓa jijiya, wajibi ne ma'aikaci ya tambaye ta: jini ta gani, ko kuwa yaro ne ya daina taka ƙafa? Na farko sau da yawa danna auduga ya isa. Na biyu sai an kai shi wurin likita ba da ɓata lokaci ba.

Ba sai an ari kalmomi daga waje ba. Nahawun Hausa ya yarda a jingina suna da bayani, kamar yadda ake cewa jirgin sama da jirgin ruwa. Sai a ce jijiya mai fitar da jini, jijiya mai maido da jini, jijiyar saƙo, sa'an nan a faɗaɗa agara ta ɗauki duk abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Waɗannan sunaye aiki suka bi, kuma majiyyacin da bai shiga lakkwal ba zai gane su da jin farko.