Gas ko fetur? Kafin ka sayi motar ɗaukar kaya a Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi

Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, kuma a nan ya tsaya. Shekaru masu yawa jirgin ƙasa ke kwashe gyaɗa da auduga zuwa Zariya. Yau kuwa gero da dawa da wake da dabbobin wannan yanki a bayan mota suke fita. Shi ya sa duk wanda ya tara ɗan jari, ko 'yan'uwa suka haɗa masa, hankalinsa kan tafi ga Kanta ko Daina ko akori-kura. Daga nan sai gardama ta tashi a tasha: ta gas ko ta fetur?

Da yawa kan yanke hukunci da kallon farashin da ke allon gidan mai. Wannan lissafi ya ci mutane. Tun 2003 gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas, wato dizal, ta ci gaba da tallafa wa fetur. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litar gas ta haura naira 700 alhali fetur bai kai 200 ba a farashin hukuma, masu motocin gas suka ji jiki. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki fetur ya kai wajen naira 500, masu dariya suka koma kuka. Farashi na iya juyawa a mako guda, mota kuwa shekaru za ka yi da ita.

Abin da ba ya juyawa shi ne halin injin. Injin gas ba shi da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa. Saboda haka da lita ɗaya yakan fi na fetur nisa da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ƙarfinsa na fitowa tun injin bai yi ihu ba. Wanda ya taɓa tayar da mota shaƙare da buhuna daga cikin yashi bayan kasuwar Alhamis ta Shinkafi ya san amfanin wannan. Idan aikinka tan biyu ne ko uku, zuwa Gusau ko Funtuwa ko Kano, ba na ganin akwai abin gardama, gas ne. Ɗora irin wannan kaya a kan injin fetur zaluntar aljihunka ne, zai sha mai, ya yi zafi, ya tsufa da wuri.

Sai dai injin gas ba ya yafiya. Ransa yana cikin famfo da nozul, su kuma ba abin da ke kashe su kamar gurɓataccen mai. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ba shi da santsin da famfo ke buƙata, wanda ya kwana a tsohon duro kuma yakan zo da ruwa da laka. Idan ka bari tanki ya ƙafe, injin ya sha iska, ƙara mai kawai ba zai tayar da shi ba sai an fitar da iskar. Yaron mota ya yi kuskure ya zuba fetur? Kada a kunna, a juye tankin a nan inda take. Tsoffin injina masu famfon gargajiya kan jure wahala, makanikai kuma sun san su. Sababbin 'yan Kwatano masu kwamfuta an ƙera su ne don tataccen man Turai, kuma idan suka ƙi tashi sau da yawa sai an ja su zuwa babban gari inda ake da na'urar gwaji. Kafin ka biya kuɗi, ka fara zuwa garejin garinku ka tambayi makanike ko ya taɓa kwance irin wannan injin, da kuma inda ake samun kayansa.

Ga abin da ya sa nake nanata wannan. A wani wurin lalacewar mota asarar yini ce. A hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, motar da ta mutu da la'asar magana ce ta rai, ran direba da na yaransa da na masu kaya da ke bisa buhuna. Kowa a nan ya san dalili: 'yan bindiga. Ƙaramar akori-kura ta fetur, wadda kowane mai gyara a bakin titi zai iya canza wa fulogi ya tayar, ta fi babbar mota ta zamani da ba mai iya taɓa ta. Ga wanda kayansa bai wuce tan ɗaya ba, daga gona zuwa gari, ita nake ba shi shawara.

Amma fetur ma yana da tasa matsalar a Zamfara, domin shi baburan 'yan bindiga ke sha. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da shi a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su buɗe, ta kuma hana a sayar wa mutum ɗaya na sama da naira 10,000. Irin wannan doka kan iya dawowa ba shiri. Direban da ya saba ɓoye jarka a bayan kujera don guzuri yana iya samun kansa yana rantse-rantse a shingen jami'an tsaro, ban da cewa tururin fetur ƙyastu ɗaya yake jira, gas kuwa ba ya kama wuta da sauƙi haka.

Ranar ciniki kuma ka je da sassafe, ka dafa injin ka tabbatar da sanyi yake, don dillali kan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. A kunna a gabanka. Baƙin hayaƙi mai kauri yawanci nozul ne ko matatar iska, shuɗi alamar injin na ƙona baƙin mai, fari da ya ƙi yankewa bayan injin ya yi zafi kuwa yana iya zama ruwa ne ke shiga. Ka nemi a ɗora mata kaya a hau tudu da ita, ka kuma duba takardun kwastan da lambar shasi da idonka.