Gargaɗi: Kada a ƙona tsohuwar taya, kada kuma a bar ta da ruwa

Jama'a, magidanta, masu faci, makanikai da mahauta, a saurara. Tayoyin da aka jibge a bayan gida, a bakin gareji, da waɗanda aka ɗora bisa rufin kwano don kada iska ta yaye shi, suna jawo cuta, musamman idan damina ta kankama.

A leƙa cikin taya bayan an ɗauke ruwa. Ko ta ina aka juya ta, ruwa na nan kwance a cikinta, cikin duhu da ɗumi, ƙananan tsutsotsi na wutsil-wutsil. Cikin mako guda zuwa kwana 10 sun zama sauro. Wanda ya fi son wannan wuri shi ne baƙin sauro mai ɗigon fari a ƙafafu, mai yaɗa shawara da zazzaɓin denge. Da rana yake cizo, don haka gidan sauron da aka ɗaura da dare ba zai tsare yaro mai wasa a tsakar gida ba. Ƙwansa kuma na manne a jikin robar, yana iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa. A 2023 denge ya ɓulla a Abeshe ta ƙasar Chadi, kafin ƙarshen shekarar hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta tabbatar da shi a jihar Sakkwato.

Sai wasu su ce a cinna wa tayar wuta a huta. Wannan ya fi muni. Baƙin hayaƙin taya na ɗauke da guba iri-iri, har da sinadarin benzin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Mai ciwon asma, jariri da tsoho su ne ke fara shan wahala. Wutar tana da wuyar kashewa, kuma man da ke tsiyaya daga robar yana nutsewa ƙasa, ya kai ga rijiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kwata. Ana babbaka kai da ƙafa da ganda da wutar taya saboda ta fi itace araha, toka da hayaƙin su kama fatar, a kankare sama-sama a kai kasuwa, iyali su sha farfesu. Mahauta, ku ji tsoron Allah, ku koma itace ko gas. Haka matasan da ke ƙona taya don cire wayar ciki su kai wa 'yan gwangwan: kuɗin wayar ba zai biya maganin huhu ba.

Duk mai taya ya zubar da ruwanta yau, ya goge cikinta, ya ajiye ta inda ruwan sama ba ya taɓawa. Ta kan rufi a huda ta ko a cika ta da yashi. Wadda ba a buƙata a miƙa wa masu yanka ta su yi takalmi, igiyar ɗaure kaya ko mazubin abincin dabbobi. A Ibadan ma akwai masana'antar da ke niƙa ta tana yin tubalan daɓe. Masu unguwanni su zagaya garejoji da wuraren faci.

Wanda zazzaɓi mai zafi ya kama, da ciwon gaɓoɓi da ciwo a bayan idanu, a kai shi asibiti. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin idan denge ne suna iya jawo zubar jini.