Kafin a sa hannu kan kuɗin sauke inji: tsohuwar Hilux tsakanin Mayo Gwoi da tsaunin Mambilla

Duk jami'in da ya taɓa riƙe fayil ɗin motocin ofis a Abuja ya san irin wannan kira. An tura tawaga aiki Jihar Taraba a tsohuwar Hilux, sai direba ya bugo waya daga wani gareji a Mayo Gwoi, cikin Jalingo, yana cewa inji ya buga, bakanike ya ce sai an sauke shi. Kuɗin da ake nema kan lashe kasafin tafiyar baki ɗaya, ga shi mai sa hannu yana nesa da motar da ɗaruruwan kilomita. Sai dai "inji ya buga" magana ce mai faɗi a bakin direbobi. Takan rufe komai, tun daga kan batir da ya saki har zuwa fistin da ya farfashe.

Tambayar farko ita ce ko motar ta shiga ruwa. "Mayo" kogi ke nan da Fulatanci, kuma unguwar ta ci sunan kogin da ke ratsa ta, wanda kan cika ya tumbatsa da damina. Idan inji ya zuƙi ruwa ta bututun iska, fistin ba ya iya matse shi yadda yake matse iska, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Sau da yawa ba shiga ruwan ke kashe injin ba, nacin direba a kan makulli bayan motar ta mutu ne. A ce masa ya dakata. A duba matatar iska ko ta jiƙe, a zaro ma'aunin baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara, a kwance fulogogi a fitar da ruwan, a canza mai, kafin a sake gwada tayarwa.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabar motar da ta nufi Gembu. Bayan Bali da Serti, daga Mayo Selbe hanya take fara nannaɗe dutse, mota na tafiya da ƙaramar giya, inji na kuka, iskar da ke bugun lagireto kuma ta ragu. A saman Mambilla, wajen mita 1,600 sama da teku, ruwa kan tafasa a kusan digiri 95 maimakon 100. Abin da ke hana shi tafasa a cikin inji shi ne matsin da murfin lagireto ke riƙewa. Murfin da robarsa ta mutu, abin da bai taka kara ya karya ba a farashi, ya isa ya ƙone gasket. Haka nan al'adar cire tamostat, wadda ta zama ruwan dare a garejojinmu da hujjar wai don ƙasar Turawa aka yi shi, ba ta warkar da komai. Ɓoye ciwon kawai take yi. Ruwan rijiya zalla a lagireto kuma yana tara tsatsa har ya toshe hanyoyinsa. Idan kumfa na tasowa a bakin lagireto yayin da inji ke aiki, ruwa na ƙarewa ba a ga inda yake yoyo ba, to gasket ne. Aiki ne na saman inji, bai kai ga sayen wani ba.

Hayaƙin salansa ma yana ba da shaida. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, abin da aka saba gani a tsofaffin injina masu kafireta irin su 22R idan sun hau tudu, ko in ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Shuɗi na nufin inji na cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne.

Motar da ke shiɗewa a hawa ta farfaɗo a gangara, a fara zargin man da aka zuba mata. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai sinadarin methanol da ya lalata motoci a Abuja da Legas a Fabrairun 2022 ba, kuma man jarka na bakin hanya ba shi da mai tantance shi. Matatar mai da famfonsa ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu.

Idan duk wannan bai warware ba, akwai gwajin matsin silinda, wanda ba ya cin sa'a guda. A buƙaci bakanike ya auna silinda huɗun, ya rubuta adadin kowace, direba ya turo hotonsa. In biyu da ke maƙwabtaka ne suka faɗi tare, gasket ake tuhuma. In an ɗiga ɗan baƙin mai a silinda adadin ya tashi, zobban fistin ne suka cinye. Waɗannan lambobi su ya kamata a liƙa a bayan takardar biyan kuɗi. In kuma ta tabbata sai an sa wani injin, a shigar da sabuwar lambarsa cikin takardun motar, tsohon kuma a dawo da shi sito, domin masu binciken kuɗi za su tambaya.