Me Ya Raba Tiger Woods da Takalmin Nike a Augusta?

Ranar Lahadi 3 ga Afrilun 2022, Tiger Woods ya sauka a filin golf na Augusta da ke jihar Jojiya ta Amurka, don ya gwada ko jikinsa zai ɗauki gasar Masters da za a fara ranar Alhamis. Sama da shekara guda ke nan ba a gan shi a babbar gasa ba. Masu ɗaukar hoto suka bi shi tun daga kai: hula ta Nike, riga ta Nike. Da aka zo ƙafa sai ga baƙin takalmin fata na kamfanin FootJoy.

Wanda bai san golf ba zai ce to mene ne abin magana. Ai kuwa akwai. Tun 1996, yana ɗan shekara 20, Woods ya sa hannu a kwantiragi da Nike, wanda aka ruwaito ya kai dala miliyan 40 na shekara biyar. Duk manyan kofuna 15 da ya ci, ciki har da Masters sau biyar, da tambarin kamfanin a jikinsa ya ci su. Har takalma aka riƙa yi da haruffan sunansa. Mutum irin wannan ba ya shiga takalmin abokan gasar masu biyansa don mantuwa.

Zargin farko da ya zo bakin mutane shi ne kuɗi: an ɓata, ko kuma wasu sun taya sama da haka. Zargin yana da ɗan madogara, domin tun 2016 Nike ta daina ƙera sanduna da ƙwallayen golf, har Woods ya koma sandunan TaylorMade da ƙwallon Bridgestone. Amma takalmi fa ba su daina yi ba. Kuma babu wanda ya sanar da wata sabuwar yarjejeniya da FootJoy. Maimakon fushi ma, Nike sanarwa ta fitar tana murnar dawowarsa, tana cewa za ta yi aiki da shi kan sababbin buƙatunsa. Gaskiya ne sun rabu daga baya, a Janairun 2024, bayan shekara 27, amma a wannan makon rigar na nan a jikinsa. Sababbin buƙatun nan da aka ambata su ne bakin zaren.

Sai mu koma safiyar 23 ga Fabrairun 2021. Motar da yake tuƙawa ta ƙwace a wani gangare kusa da Los Angeles ta yi ta mirginawa. Likitocin asibitin Harbor-UCLA sun bayyana cewa ƙasusuwan ƙwaurinsa na dama guda biyu sun ragargaje har sun fasa fata. Aka zura sandar ƙarfe a cikin babban ƙashin, aka ɗaure ƙafa da idon sawu da kusoshi. Shi da kansa ya ce an yi maganar yanke ƙafar.

Da jin haka sai zato na biyu ya zo da kansa: ƙafa mai rauni laushi take so, don haka ya nemi takalmin da ya fi taushi. A nan ne lissafin ya rushe. Wanda ya saka ɗin, samfurin Premiere ne mai suna Packard, ɗinkin gargajiya irin na dattawa: fata mai kauri, tafi shimfiɗaɗɗe mai faɗi, dunduniya mai tauri. Mai laushin shi ne irin wanda ya saba nema a da. A 2011 shi ne ya roƙi Nike ta yi masa takalmin golf a kan tsarin Nike Free da yake motsa jiki da shi, mai lanƙwasuwa ta ko'ina, don ya riƙa jin ƙasa a tafin ƙafarsa. Daga nan aka sami samfurin TW '13. Ga kuma misalin Fred Couples, wanda ciwon baya ya daɗe yana damu: a wannan fili na Augusta, a 2010, yana da shekara 50, ya fito da takalmin Ecco mai taushi marar haƙora a ƙasansa, ko safa babu, ya buga 66 a ranar farko ya shige gaban kowa. To me ya sa mai ciwon baya ya nemi laushi, mai karayar ƙafa kuma ya guje shi?

Wasu sun ce ko haƙoran ƙasan takalmin ne, don kada santsi ya ɗebe shi. Wannan bai yi nisa ba, don takalman Nike ma suna da haƙora.

Amsar tana cikin aikin da ƙafa take yi a wannan wasa, wanda ɗan kallo ba ya lura da shi saboda idonsa na kan sanda. Mai bugu da hannun dama, idan ya ja sanda baya, nauyinsa yana taruwa a kan ƙafar dama, kuma dole ta tsaya ƙyam kada ta kife waje. Sannan da ita zai tunkuɗa ƙasa ya juya ƙugu, diddige ya tashi, nauyi ya koma hagu. A hannun ƙwararru kan sandar yana wuce gudun kilomita 180 a awa, kuma duk wannan ƙarfi daga ƙasa yake tasowa. Ƙafar da ta karye a jikin Woods ita ce mai tunkuɗar.

Sai kuma filin kansa. Talabijin tana ɓoye tudun Augusta. Daga inda ake fara bugu a rami na 10 zuwa ƙasansa, gangaren ya haura mita 30, kuma da wuya ɗan wasa ya sami wurin tsayawa a miƙe: yanzu ƙwallo na sama da ƙafarsa, anjima tana ƙasa. Ramuka 18 a ƙafa ake bin su, kwana huɗu a jere, babu hawa ƙaramar motar fili. A ƙarƙashin idon sawu akwai wata gaɓa, tsakanin ƙashin da ƙwauri ke zaune a kai da ƙashin diddige. Ita ce ke karkata ƙafa ciki da waje duk lokacin da aka taka wuri marar daidai. Lafiyayyar ƙafa tana yin wannan ba tare da mai ita ya sani ba. Idan gaɓar ta lalace, kowace karkata zogi ce, kuma takalmi mai laushi yana barin karkatar ta faru. Mai tauri yana riƙe ta, kamar karan ɗori a hannun maɗori.

Ranar Talata, kafin a fara gasar ta 2022, a gaban 'yan jarida, Woods ya faɗi kusan haka: ƙarafan da ke cikin ƙafarsa sun rage mata motsi ƙwarai, don haka yana buƙatar abin da zai tsayar da shi daram. Ya buga 71 da 74, ya tsallake rairayar rage 'yan wasa, sannan 78 sau biyu yana ɗingishi, ya ƙare na 47. Takalmin bai warkar da komai ba, amma ya kai shi ƙarshen ramuka 72.

Shaida ta ƙarshe sai bayan shekara ta zo. A Masters na 2023, cikin sanyi da ruwan sama, ya janye ana tsakiyar zagaye na uku saboda ciwon jijiyar tafin ƙafa. Ranar 19 ga Afrilu aka yi masa aiki a New York, aka haɗe ƙasusuwan wannan gaɓa ta ƙarƙashin idon sawu suka zama ɗaya, saboda amosanin da karayar ta bari. Wato likita ya hana motsin nan har abada, wanda takalmin ya yi shekara yana ƙoƙarin ragewa daga waje.

A ganina kuskuren da masu sayen takalmin golf suka fi yi shi ne su danna babban yatsa a cikinsa, su ji kamar soso, su biya. Jin daɗin minti biyu a kanti daban yake da na rami na 15. Couples da Woods duk sun zaɓa daidai, kowa bisa ciwonsa. Wanda idon sawunsa ke yawan targaɗe, ko ƙafarsa ke kifewa waje in ya yi bugu, ya riƙe takalmin da hannu biyu ya murɗa shi: idan ya murɗu cikin sauƙi ya ajiye. Ya matsa bayan dunduniya, kada ta lotsa. Ya lanƙwasa shi, ya ga ya karye a gindin yatsu kaɗai, ba a tsakiya ba. Wanda gaɓoɓinsa ke lafiya, kuma yake wasa a busasshiyar ƙasa irin ta filayen Kano da Kaduna da rani, marar haƙora mai ɗan taushi zai fi masa sauƙin tafiya, ya bar mai haƙora sai damina.

Gwajin kuma da yamma ake yin sa, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, a ɗaure igiya, a yi bugun iska biyu ko uku a nan cikin kantin. Idan diddige ya zame ko kaɗan, bororo na jiran mutum kafin ya kai rami na tara.