Ƙungiyar ɗalibai za ta iya riƙe 'yan sikawut?

Za ta iya, ba sabon abu ba ne. A Amurka, Frank Reed Horton ya kafa Alpha Phi Omega a kwalejin Lafayette a 1925, ƙungiyar hidima ta ɗalibai bisa aƙidar sikawut, wasu rassanta kuma kan ɗauki nauyin rundunar yara.

Ɗaukar nauyi fa ba ɗinka kaki kaɗai ba ne. Akwai wurin taro, rajista, da babba mai zuwa kowane mako. Wannan na ƙarshen nake jiye mana a Waziri Umaru. In an yi hutu mu muke watsewa, yaran Nasarawa suna nan. Kafin a ce "mun ɗauka", a samo malamin firamare ɗan unguwar da zai riƙe su har mu dawo, balle lokacin SIWES.